Na Sare Lemun Inna

Zuwa ga ƙanwata Ƙarama,

Sallama da gaisuwa mai yawa zuwa gare ki, ke da mutanen gidanki baki ɗaya. Ina fata takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Allah ya sa haka, ya ƙara miki ƙarfin ƙafa, ya raba ki da ciwon bayan nan da kika ce yana hana ki sunkuyo. Ni ce yayarki ke magana, amma hannun na matar ɗana Auta ne, wadda muke kira Tela. Ta ture keken ɗinkinta gefe, ta share ƙyallaye daga kan teburin yanka ta shimfiɗa takarda, ni kuma ina zaune a 'yar kujerata kusa da ƙofa. Na ce mata abin da ya fito daga bakina shi za ta sa, kada ta yi masa kalmasa kamar bakin zane. In kin ga magana ta karkace, ni ce na karkace, ba ita ba.

Mu nan lafiya, sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, ita ke gaya mini za a yi sanyi tun kafin rediyo ya faɗa. Auta yana garejinsa, kullum ya dawo baƙi ƙirin da man inji, matarsa tana cewa ita dai ba miji aka ba ta ba, tsumman goge mota aka ba ta. Yaransu sun koma makaranta, babbar har ta fi ni tsawo, ita ke sauko mini da abu daga kan kanta yanzu. Jikata ta wajen ɗana Babba ta sauka lafiya, an samu namiji, hancinsa irin na Babanmu sak, kamar an ciro an manna masa. Uwar tana samun ƙarfi, ɗan yana shan nono kamar wanda aka aiko. Babba kansa ya rage tafiye-tafiye, likita ya hana shi gishiri, shi kuma yana ci a ɓoye, ya ɗauka ba mu sani ba.

Za ki ce me ya kawo takarda, ga waya a hannun kowa, ga shi ko makon da ya wuce mun yi magana. To, wayar ce ta gagare ni. Ke in an kira ki sai jikokinki su danna abin nan da ke sa murya ta cika ɗaki, kowa ya kasa kunne. Ni kuma da na ji muryarki sai bakina ya bi wata hanya, in kama zancen tsadar kaya da ciwon gwiwa har mu yi sallama. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bari in faɗa tun yanzu kafin zuciyata ta sake guduwa. Lemun Inna da ke lungun bayan kicin, na sare shi. Ba sanyi ya kashe shi ba, ba Auta ba ne, ba akuyar kowa ba ce. Ni ce, da hannuna, da zarton mai gidana. Kuma da kika tambaye ni shi a waya, ƙarya na yi miki.

Kin san lungun, ko da yake kin daɗe ba ki gan shi ba. Katangar kicin ta tare shi ta gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma bayan tandar maƙwabcinmu ne, mai burodi. Tandarsa ba ta hucewa, in kika dafa katangar da sassafe sai ki ji ta kamar goshin mai zazzaɓi. Iskar sanyi in ta taso sai ta bi ta saman kwano ta wuce, ba ta san da lungun ba, rana kuma tana fitowa can take fara sauka. Shi ya sa duk shekara, da sanyi ya fara ja da baya, itatuwan lungun ke riga na kowa farkawa. Ɓaure ke fara buɗe ido da 'yan ganyensa kamar kunnen ɓera, sai rumman ya biyo da jan toho, sannan lemu ya yi huda, ƙamshi ya hana mutum wucewa. Ɓauren da ke ƙofar gida kuwa, ɗan'uwan wannan ne, hannu ɗaya ya dasa su rana ɗaya, amma sai ya zauna tsirara kusan wata guda yana rawar ɗari. Kafinta, mai gidana, Allah ya jiƙansa, yakan ce lungun nan wata ƙasa ce daban, kamata ya yi a riƙa neman fasfo kafin a shiga.

Ban san abin da kika riƙe na uwar itacen ba, na gidan Baba, don ke ƙarama ce sosai lokacin da ya fara 'ya'ya. Yana gefen famfo inda Inna ke wanke-wanke, ruwan kwanuka ya sha ya girma. Ɓawonsa siriri, ƙwallonsa kaɗan, zaƙinsa kuma yana da wani ɗan cizo a ƙarshe da ban taɓa ji a lemun kasuwa ba. Inna takan fere shi da 'yar wuƙarta mai karyayyen baki, ɓawon ya sauko a murɗe bai tsinke ba, ta rataya miki a kunne ki yi ta yawo kina cewa ke amarya ce. Ke aka sa makaranta, ni ina gida ina rainon 'yan bayanmu, to ni ce mai gadin itacen, ke ce ɓarauniyarsa. Na tuna ranar da kika cika ciki da ɗanyu, haƙoranki suka mutu, kika kasa tauna komai, Inna ta tambaye ki, kika ce wai iska ce ta kaɗo su cikin bakinki. Na fari da suka nuna kuwa ba mu taɓa ci ba, sai ta zuba a kwano ta aike ni gidan duk wanda ke kwance ba lafiya a layinmu.

Shekarar da aka zo faɗaɗa titi aka shafa wa gidan Baba jan fenti, kin zo muka kwashe kaya tare, iyayen duk sun riga mu gidan gaskiya. Mu muna rigima a kan tsofaffin tukwane, Kafinta shi kaɗai ya tuna da itacen. Kafin katafila ta iso ya je ya yanko 'yan rassa masu kaurin fensir, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tawul. Yana da 'yan dashen lemun tsami guda biyu a gwangwanayen fenti, ya zauna a bakin baranda ya yi musu aure da rassan Inna, wato ya tsaga wannan ya cusa wancan, ni ina riƙe masa ledar ɗauri. Duka biyun suka kama. Ɗaya ya dasa a lungu, ɗayan ya ce naki ne. Kin tuna abin da na ce miki a tasha, a gaban mijinki? Na ce ki rage wa kanki kaya, garinku da ruwa ke daskarewa a bokiti ko tsintsiya kika dasa sai ta mutu. Har fasinjoji suka yi dariya. Ke kuwa kika ɗora gwangwanin a cinya kika rufe shi da bakin mayafinki. Bayan nan, da nawa ya fara 'ya'ya, duk shekara sai in cika kwali in aika miki, da saƙon cewa ga na Inna, ki ɗanɗana tunda ku can sai dai labari. Ke kuma kullum godiya kike aikowa. Tela ta ɗago kai tana kallona. Rubuta, haka na yi.

To bana sai mai burodi ya kwanta, aka yi masa aiki a ciki, ya rufe gidan burodin a tsakiyar sanyi. Tunda muka tare a gidan nan ban taɓa ganin tandar nan ta mutu ba sai bana. Na dafa katangar na ji ta kamar randa. Sanyin da ya yi shekaru yana wucewa ta sama sai ya gane hanya. Wata safiya na fito na tarar ruwan kaskon kaji ya yi fata kamar gilashi, ganyen lemu kuma duk ya nannaɗe kamar an soya shi. Kwana kaɗan ya kakkaɓe, ko ɗaya bai rage ba. Ɓaure da rumman ban damu da su ba, su dama sun saba tuɓewa duk shekara. Lemu kuwa ba ya tuɓewa. Ganinsa tsirara sai ya zame mini kamar na ga dattijo ba riga a tsakiyar kasuwa. Na naɗe masa gindi da tsohon bargo, na tara masa toka, amma bayan ɓarna ne, an riga an yi.

Shi Auta ya daɗe da yi wa matarsa alkawarin rumfar ɗinki, don a falo take aiki, ga duhu, ga yara suna taka mata yadi. Duk gidan ba inda ya kai lungun haske da ɗumi. Amma muddin itacen yana 'ya'ya bai taɓa buɗe baki ba, wannan na shaide shi. Da ya ga haka sai ya zo ya kama wani ɗan reshe ya karya, ya yi ƙas, ya ce Mama wannan kam ya tafi. Ya nuna mini ƙullin auren, wurin da aka haɗa su, daidai gwiwa, ya yi baƙi ya tsattsage, ya ce ko makaho ya shafa nan ya san an gama. Na ce barci yake yi. Ya ce irin barcin da ake yi wa wanka. Muka ɗan sa-in-sa, daga ƙarshe ya ce to shi ba zai yi jayayya da uwarsa a kan icce ba, magini yana wani aiki a garejinsu, kafin ya gama in itacen ya yi kore an bar shi, in bai yi ba siminti zai hau wurin. Tela tana cewa in sa a takarda ita ba ta taɓa roƙon lungun ba. Gaskiya ne, ba ta taɓa ba.

Allah ya ba mai burodi lafiya, ya dawo ya hura tandarsa, katanga ta fara ɗumi, sanyi ya kama hanya. Ɓaure ya buɗe ido, rumman ya yi ja, lemu shiru. Kullum da safe in ɗauki buta in je in tsaya a kansa kamar mai jiran haihuwa. Rannan ina kwance bargon sai ga toho a gindi, ƙasa da ƙullin, ba ɗaya ba, ba biyu ba, masu ƙiba, bakinsu da ɗan ja-ja. Kafin mako ya zagayo sun kai tsawon yatsa. Na tara gidan kaf na nuna musu, har mai burodi na leƙo da shi ta katanga. A ranar na sa aka kira mini ke, na ce miki lemun Inna ya riga na duk unguwa toho, wanda bai da lungu irin nawa sai haƙuri. Kika ce masha Allah. Sannan kika tambaye ni daga ina tohon ya fito, sama ko ƙasa. Na ce daga ko'ina, na shiga wani zancen. Auta kuwa ya duba ya ce ai ko turken akuya yakan yi toho a gindi in ya sha ruwa, shi sama yake kallo, sama kuma ƙarau take.

Nan shaiɗan ya samu kujera a zuciyata. Na ce ashe busasshen saman nan shi ke ba ni kunya, shi Auta ke gani, shi kuma ke shanye wa 'yan tohon ƙarfi. In na cire shi, ba abin da zai rage sai kore, magini ya zo ya ga kore ya koma. Kada ki ce ban sani ba, don Kafinta ya sha faɗa a kunnena cewa duk abin da ya fito ƙasa da ƙulli ba na Inna ba ne, na tsamin ne, shi da kansa yake tsinke su. Amma na ce wa raina wannan zancen farkon aure ne, yanzu shekaru sun tafi, sun ci ƙasa ɗaya sun sha ruwa ɗaya, ai sun zama abu guda. Na jira ranar da Auta ya tafi gareji, Tela ta tafi sayen zare, na sauko da zarton daga ƙusarsa. Gindin ya kai kaurin taɓarya, na sa zarto ƙasa da baƙin ƙullin don kada a ga ko tabonsa. Ina ja ina hutawa, ina ja ina hutawa. Da na kai tsakiya sai na ga garin da ke fitowa yana manne wa haƙoran zarton, ɗanye shataf, ga wani ƙamshi yana tashi. Ƙarama, na gani, na kuma ji. Na tsaya da zarto a hannu. Amma na riga na ci rabi, sai na ce aikin gama ya gama, na ƙarasa. Na ja saman na jingine shi a katangar tanda, bayan tarin itacen girki. Da suka dawo na ce aski na yi masa. Garin neman gira, an rasa ido.

'Yan tohon kuwa suka samu fili suka yi ta tashi kamar ana jan su da igiya. Ina murna, ina zuba musu ruwa, har na ga ƙaya tana fito musu, dogaye kamar allurar ɗinkin buhu. Lemun Inna bai taɓa yin irin wannan ƙaya ba, ke da kika hau uwarsa da ƙafa ba takalmi kin sani. Na tsinki ganye ɗaya na murza na kai hanci, sai warin lemun tsami ya doke ni. Na lallaba bayan tarin itacen don in ga abin da na yar. Yana nan a jingine inda ɗumin tanda ke dukansa. 'Yan ƙananan rassan sun bushe da gaske, amma a jikin manyan, ko'ina idanu sun kumbura, wasu har sun tsaga sun fito da kore kamar ƙwayar shinkafa. Ba saiwa, ba ƙasa, ba ruwa, yana toho da ɗan abin da ya rage a jikinsa. Ashe makara kawai ya yi. Sanyi ya buge shi ya kasa tashi da wuri, ni kuma na saba lungun nan ba ya sa ni jira.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Na san akwai mai sayar da dashe a bakin gada wanda ya iya aure. Na kuma san da reshen da aka yanke Kafinta ya yi nasa. Da na saɓa shi a safiyar nan na kai, ko na ce wa Auta ya sa a mota, wataƙila da an ceci ido ko biyu. Amma fitar da shi zuwa titi sai an bi ta falo, ga Auta yana karyawa, ga yara, kowa zai ga tsohuwar da ta tara mutane tana nuna musu lemun tsami. Sai na ja shi ta ƙofar baya da ke ɓullewa gidan burodin na cusa a cikin tarin itacen mai burodi, na ce gobe in ba kowa zan zo in yanki abin da zan yanka in tafi gada a ɓoye. Goben Tela ba ta fita ba. Jibi aka yi baƙi. A cikin kwanakin ne kika kira, kika ce ya lemun Inna, na ce yana nan lafiya lau. Da na samu na je, mai burodi ya tare ni da fara'a, ya ce ashe ni ce na yi masa kyautar icce, ɗanye ne ya ɗan yi hayaƙi, amma hayaƙin ƙamshi gare shi, ma'aikatansa har suna cewa tanda ta shafa turare. Ya ce in da saura a ƙaro. Ya miƙo mini burodi mai zafi ya ce in kai wa jikoki. Na karɓa, Ƙarama. Na ce na gode.

Tela ce ta same ni a lungun zaune a ƙasa da burodin a cinya, ta zaci faɗuwa na yi. Ita na fara gaya wa, ita ta gaya wa mijinta, don ni bakina bai iya ba. Na so ya yi faɗa. Na so ya ce ai ya faɗa, ko ya ce tsufa ya fara taɓa ni, in samu abin da zan mayar. Ya je ya tsuguna gaban kututturen ya daɗe, ya shafa wurin yankan, sannan ya ɗauki zarton ubansa da na yar a bayan kicin har ya fara tsatsa, ya goge shi da mai ya mayar kan ƙusa. Da zai fita ya ce wa matarsa ta gaya mini ya ce wa magini ya dakata. Ita kuma ta ce kekenta ya yi shekaru a falo bai mutu ba, zai iya ƙara jira har a ji daga bakin Gwaggo, wato ke. Wannan alherin nasu ya fi mari zafi. Yanzu in na shiga falo na ga tana kai allura kusa da taga tana laluben rami, sai in juya kamar na manta wani abu a ɗaki.

Auta ne ya ɗauko mai dashen ya kawo shi. Mutumin ya duba ya ce gindin yana da rai da ƙarfi, a bar toho biyu masu kyau a cire sauran, in sun yi kauri za su karɓi aure. Ya ce yana da irin lemu kala-kala in muna so. Na ce ba lemu nake nema ba. Ya ce to sai a nemo reshen wanda nake nema, amma mai ido a rufe, wanda bai farka ba, don in ya buɗe ya yi ganye an makara. Na ce nan duk unguwa itatuwa sun farka. Ya ce inda sanyi ya fi daɗewa su ma suna daɗewa a barci. Kin ga inda magana ta kai ni. Sanyin garinku da na yi shekaru ina yi wa dariya, yau shi nake roƙon Allah ya ƙara kwana. Abin da ke ba ni ɗan fata shi ne tambayar nan taki ta sama ko ƙasa. Na yi ta juya ta, na ce wanda bai da icce a gida ba ya irin wannan tambaya. Amma wataƙila a makaranta aka koya muku, ban sani ba.

To ga roƙona, in akwai abin roƙa. Ki sa a yanko 'yan rassa daga waɗanda suka fito bara, masu kaurin fensir, tsawon tafin hannu, kada a ɗauko masu taushin baki. A cire ganyen da almakashi, ba da hannu ba, don kada a ji wa idon ciwo. A naɗe su a ƙyalle mai laima, ba mai ɗiga ba, a sa a leda, kada su kwana kusa da wuta ko su sha rana a mota. Direban nan da ke kai miki kwalina har yanzu yana bin hanyar, Auta yana da lambarsa, ya ce zai ajiye su a ƙarƙashin kujerarsa. Mai dashen ya ce in sun iso da wuri a sa su a firji wajen kayan miya har gindin ya shirya. Kada ki yanka da yawa ki cuci naki saboda ni. Kuma in babu, ki faɗa kai tsaye, kada ki rufa mini asiri kamar yadda kika saba. Sai a kira magini, yarinyar nan ta samu rumfarta, ni ma in daina zuba wa ƙaya ruwa.

Ki gaishe mini da mai gidanki, Malamin Lissafi, ki ce ban manta yana tsaye a tashar nan ba, shi ma ina jin nauyinsa. Ki gaishe da Dogo da matarsa, da 'yarki Nas, Allah ya ba ta haƙurin marasa lafiya, da Tagwaye, da Sarkin Barci in ya tashi. Ki gaishe da maƙwabciyarki mai kaji da ta taɓa aiko mini da man shafawa, har yanzu ina sa mata albarka. Auta yana gaishe ki, Babba da iyalinsa suna gaishe ki, mai jego ta ce ki sa ɗanta a addu'a. Tela ma tana gaisuwa, ta ce in kin zo akwai yadin da ta ajiye miki. Allah ya bar zumunci, ya jiƙan Inna da Baba da duk waɗanda suka riga mu, ya sa mu cika da kyau.

Tela ta karanta mini daga farko, na ji na zagaya gari kaf, na koya miki yankan reshe, na aiki direba, amma abu ɗaya ban yi ba. Tun ranar da motar nan ta tashi da ke, ko sau ɗaya ban tambaya ba. Da fari na tabbata ya mutu, ban ga abin tambaya ba. Daga baya kuma tsoro nake ki ce yana raye. To yau na tambaya, ba don rassan ba, ko babu su ina son in ji. Ƙarama, ya lemunki? Ina kika dasa shi, wace katanga ta tare miki shi, me kike rufa masa in sanyinku ya zo? Ki ba ni labarinsa tun daga gwangwani, zan saurara, ba zan sa baki ba.

Na gaji. Ajiye biron haka nan, 'yar nan.

Taki har kullum,
Yayarki

Gwaggo, ni ce Tela. Nan ta tsaya. Na jira ko za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba.